Ba Wannan Gangar Nake Nufi Ba

Bathsheba, Barbados
9 ga Disamba

Zuwa ga Mamana,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi daga 'yarki Jalisa. Ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Anti Ermine da duk mutanen gidanku a Brooklyn. Ubangiji ya ƙara miki ƙarfi, ya sassauta miki ciwon bayan nan, ya kuma ba tsohuwar da kike kula da ita sauƙi don ke ma ki samu ki ɗan huta. Mu nan lafiya lau muke. Kaka ta warke daga tarin da ya dame ta, har ta koma cikin mawaƙan coci, sai dai gwiwarta tana nan yadda kika sani. Tunkiyarta ta haifi biyu, ɗaya yana da taurin kai, kullum sai ya ci furen maƙwabciyarmu Mis Coral ta cikin shinge. Kawu Wendell ya gama fentin jirginsa, yana jiran kifi mai tashi ya fara shigowa sosai. An kusa ba mu hutu a makaranta, kuma na ci jarrabawar lissafi. Ba da yawa na ci ba, amma na ci.

Mama, na rubuto ne maimakon in jira wayar ranar Lahadi, domin akwai maganar da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Kawu bai sani ba, kuma na san da na ji muryarki bakina zai mutu kamar kullum. Ga Kaka kuma a gefe tana ɓarar wake, kunne ɗaya a kan wake, ɗaya a kaina. Mis Coral za ta koma New York ranar Asabar, ta yi mini alkawarin za ta sa miki takardar a hannunki. Maganar ita ce, gangar kayan nan da kika aiko, wadda kika yi wata uku kina cikawa, ba ita na roƙa ba. Na gode ƙwarai, don Allah kada ki ce ban gode ba. Amma ba ita nake nufi ba, kuma tun a ranar na san kin fahimce ni a baibai, na yi shiru na bar ki.

Kin tuna Lahadin farko ta Satumba, da kika ce in faɗa miki abu ɗaya da na fi so in samu kafin Kirsimeti, kowane iri ne, kada in ji kunya? Ranar tun safe hankalina yana kan ruwa, shi ya sa bakina ya riga tunanina, na ce ganga. A hankali na faɗa, har kika ce in maimaita. Sai na ji kina jan hanci, sannan kika ce kin sani, bara ba ki aiko ba kuma abin ya tsaya miki a rai, amma bana ko da za ki riƙa aikin Asabar sai ganga ta iso Bathsheba. Na buɗe baki zan ce ba haka ba ne, sai kika fara jero abubuwan da za ki sa a ciki, muryarki cike da murna, kina cewa in taka takarda in zana ƙafata in aiko miki saboda takalmi. Da muka ajiye waya Kaka ta dube ni ta saman tabarau ta ce, to, ashe yunwa ake yi a gidanta ba ta da labari, yarinya tana ci sau uku har da ƙari amma ta kai ƙara Amurka. Kwana biyu tana zuba mini abincin mutum uku, tana tsaye a kaina sai na cinye. Nan ma ban ce komai ba.

Gangar da nake nufi ta ruwa ce. Ke ma a nan kika girma, amma na san ba ki taɓa kula masu hawa igiyar ruwa da allo ba, kina cewa mutane ne da ba su da aiki sai kallon teku, don haka bari in gaya miki. Idan igiyar ruwa ta taso daga zurfi ta ci karo da dutsen da ke shimfiɗe a ƙasan wurin nan da ake kira Kwanon Miya, takan miƙe tsaye, bakinta ya tuntsuro gaba ya faɗi can nesa da jikinta. Sai a sami rami zagayayye a tsakiya, wanda mutum zai iya shiga a durƙushe a kan allonsa ya fita ta ɗaya gefen. Wannan ramin suke kira ganga. Ba ya daɗewa, Kawu ya ce kafin ka ƙirga uku an gama, amma wai a ciki ƙarar duniya takan ɗauke, hasken kuma kore ne. Shekara biyu ke nan yana koya mini hawa. Kin ɗauka a kududdufan bakin duwatsu nake wasa, Kaka kuma ta ɗauka a cikin kumfa nake tsayawa inda ruwa bai wuce ƙugu ba. Da can haka ne. Amma tun bikin Ista na bana nake fita can waje inda manya suke zama. Ina roƙonki kada ki kira Kawu ki yi masa faɗa. Ni na bi shi na dame shi, kuma bai taɓa barina in shiga ba idan ruwan ya fi ƙarfina. Allon ma tsohon nasa ne mai faci biyu, a rumfar jirginsa yake ajiye mini.

Abin da ke ci mini rai shi ne iska. Igiya ba ta yankewa a gefen nan namu, kin sani, amma kusan duk shekara iska daga teku take zuwa, ta bi bayan igiya ta danne ta, ta murƙushe bakin kafin ya buɗe, ruwan ya koma kamar ana wanki a babban baho. Daga Janairu har Yuni haka take yi ba hutu. Bayan nan ga ciyawar tekun nan mai wari ta zo ta cika ko'ina, ka riƙa tuƙa allo da hannu kamar a cikin miyar ganye, ka fito jiki yana ƙaiƙayi. Sai a Satumba da Oktoba da Nuwamba ne iska kan gaji ta kwanta, wani lokaci ma da sassafe ta juyo daga tudu a hankali, ta tallafi bakin igiya ya buɗe sosai. Watannin ukun nan nake jira tun bara. Kuma kwanciyar iska kaɗai ba ta isa ba, sai an sami igiya mai tsari wadda ta zo daga nesa, ta kuma zo daidai ni, ba irin ta manya ba. Ga wani abu da nake jin kunyar faɗa miki. Kawu ya ce igiyar arewa daga wajenku take fitowa. Idan hadari ya tashi a tekun da ke gabanku, bayan kwana huɗu ko biyar sai saƙonsa ya iso mana. Saboda haka duk ranar da kika ce mini iska ta kusa ɗauke ki a tashar bas, lemarki ta karye, bakina yana cewa sannu Mama, yatsuna kuwa suna ƙirga kwanaki a ƙarƙashin tebur. Ki yafe mini wannan.

Kullum da na farka ba na buɗe ido sai na saurari ayabar bayan taga. Idan ganyenta yana kwaramniya na san ranar ta mutu, sai in tashi in ɗauki tsintsiya. Idan na ji shiru kuwa na san iska ta kwanta. A watannin ukun nan na ji shiru sau goma sha biyu, na rubuta a bayan littafin lissafi. Bakwai ranakun makaranta ne, bas ɗin ƙarfe bakwai saura kwata kuwa ba ya jiran kowa. Ina zaune a gefen taga muna hawa tudu, ina kallon teku sumul kamar an yi masa guga, igiya tana zuwa layi-layi, har wuyana ya yi ciwo don waiwaye. Kafin a tashe mu ƙarfe uku iska ta dawo ta yamutsa komai. Biyu ranar Lahadi suka faɗo, kin kuwa san Kaka da Lahadi. Ina cikin coci ina jin igiya tana fashewa ta cikin waƙa, ranar ta biyun ma sai fasto ya ga dama ya yi wa'azi a kan Yunana da teku, sama da awa guda, kamar an aiko shi ya tsokane ni. Ɗaya kuma ruwan ya yi girma ƙwarai, Kawu ya ce ko ƙafata ba zan jiƙa ba, in zauna a kan dutse in koya da ido. Saura biyu, su ne nake so in ba ki labari.

Ta farko, wata Asabar ce a tsakiyar Oktoba. Komai ya daidaita. Mu tara ne a ruwa, ni kaɗai ce mace, ni kaɗai ce ƙarama. Akwai doka a wurin: wanda ya fi kusa da inda igiya ta fara karyewa shi ke da ita, amma sai ya ɗaga murya ya ce tasa ce, don na gefe su janye. Na daɗe ina zaune ina barin kowace igiya ta wuce ni, har Mista Grantley mai gyaran mota, wanda furfura ta cinye gemunsa amma ba ya fashin ruwa, ya ce wa Kawu, wai Wendell wannan 'yar taka hawa ta zo yi ne ko gadin teku aka ɗauke ta? A ruwa Ƙaguwa suke kirana, wai da na ga igiya sai in ja da baya a karkace. Kawu ya ce a bar masa Ƙaguwarsa, ranar da ta damƙi yatsan tsoho za a ji ihu har birnin Bridgetown. Suna cikin dariya sai ga wata ta taso, tsayinta kamar ƙofar ɗaki, fuskarta ba ko yamutsi. Mista Grantley da kansa ya janye ya ce, tafi Ƙaguwa, taki ce, kada ki ba mu kunya. Na tuƙa, na miƙe, ƙafafuna suka zauna daidai, ina ganin bakin ya fara tuntsurowa a gabana. Sai wani baƙo daga cikin masu zuwa hutu ya faɗo kan igiyar a gabana, bai waiwayo ba. Kalma ɗaya kawai zan faɗa ya kauce. Na ji ta a maƙogwarona, Mama, amma ba ta fito ba. Na karkatar da allo don kada in buge shi, igiya ta rufta mini a ka ta birgima ni a kan dutse, na fito da ƙayar bushiyar teku uku a diddige. Shi kuwa ya shige gangata ya fita.

Baƙon ya zo ya ba da haƙuri, ya ce bai ji kowa ya yi magana ba, kuma gaskiya ya faɗa. Kawu bai yi masa faɗa ba, ni ya yi wa. Yana cire mini ƙaya da allura a rumfa, yana matsa lemun tsami, yana cewa shi zai iya koya mini tsayuwa, zai iya koya mini karanta ruwa, amma ba zai iya ara mini bakinsa ba, don shi ma yana amfani da shi. Ya ce in zaga bayan rumfa in yi wa kaji ihu sau goma. Na je na tsaya, kaji suna kallona ina kallonsu, na dawo. Ya yi dariya har allurar ta faɗi a yashi muka yi ta nema. Ni dai ban yi dariya ba. A gida na ce wa Kaka kwalba na taka, ta yi ta faɗa da mashayan da ke zubar da kwalabe a bakin ruwa, na yi mako guda ina ɗingishi zuwa bas.

Ta biyun ita ce Juma'ar ƙarshen Nuwamba. Ba makaranta ranar, malamai suna da taro. Lahadin da ta gabaci ranar kin ce mini hadari ya hana ki fita ko shago, don haka dama ina cikin ƙirga. Ranar Alhamis da yamma Kawu ya tare ni a hanya ya ce in ci abinci sosai, gobe ce. Ya duba a wayarsa, ya kuma duba sama, igiyar za ta zo daidai ni, iska za ta mutu har wajen ƙarfe goma sha ɗaya, kuma wataƙila ita ce ta ƙarshe kafin iskar Kirsimeti. Na shafa wa allo kaki don kada ƙafa ta zame, na taho gida kamar ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Ina shiga na tarar da Kaka tana goge rigarta ta zuwa birni. Ta ce albishirinki, mutanen kamfanin jigilar kaya sun kira, gangarki ta sauka, gobe za mu Bridgetown mu karɓo. Wani dattijon cocinmu ne zai kai mu a a-kori-kurarsa, kuma gobe da safe kaɗai motar take da sarari. Ta ce dole in je, don ita ba ta ganin ƙananan rubutun takardun kwastan, kuma ai ni na kai kuka, ni zan je in ɗauko maganin kukana.

Da safe ayaba ta yi tsit, ko ganye ɗaya bai motsa ba. Tutocin bikin 'yancin kai da aka jera a titi duk sun kwanta a jikin sandunansu. Na tsaya a bakin ƙofa da takalmi a hannu, na shirya maganar tsaf a raina: Kaka, a bari sai Litinin, ko ki tafi da Mis Coral ta karanta miki. Magana ce ƙarama, ba ta fi numfashi ɗaya ba. Sai ga ta ta fito da hularta ta coci, ta shafa hoda, tana gaya wa maƙwabta ta kan shinge cewa 'yarta ta aiko ganga, ita dama ba ta taɓa mantawa da gida ba. Na daɗe ban ga fuskarta haka ba. Na sa takalmina. A bayan motar na zauna ina fuskantar baya, don haka duk tsawon hawan tudun teku yana gabana. Ban taɓa ganinsa haka ba, Mama. Layukan igiya tun daga can inda ido ya ƙare, kowace tana bin 'yar'uwarta ba gaggawa, kuma kowace idan ta iso dutse sai ta buɗe baki. Na hango mutane ɗigo-ɗigo a kan ruwa, na ga wani ya ɓace a cikin igiya ya sake fitowa ta gefe ya ɗaga hannu biyu. Sannan muka sha kwana, gonar rake ta rufe komai.

A can mun bi layi, na karanta wa Kaka takardu, aka buɗe, aka duba, aka rufe. Ba wanda ya yi mana ba daidai ba, mutane ne kawai suka yi yawa, kowa da gangarsa ta Kirsimeti. Wata mata a layi ta tambaye ni me ya sa na haɗe rai, yarinyar da uwarta ta aiko wa ganga mai kaiwa ƙirjinta, wai da nata 'ya'yan ne da sun yi rawa a tsakiyar titi. Kaka ta ce ƙyale ta 'yar'uwa, haka take, murnarta a ciki take yi kamar kunkuru. Ƙarfe uku da rabi muka dawo. Tun daga kan tudu na ga teku ya yi fari da kumfa, tutoci suna fizga. Kawu yana zaune a kan katangar bakin hanya, ya kama aka sauke gangar, ya jira Kaka ta shiga ciki. Sannan ya ce ya tsaya a bakin ruwa da allona a hammata har rana ta ɗaga, yana ta waiwayen hanya. Ya ce ko Mista Grantley da gwiwarsa da ta sandare kamar katako sai da ya shiga sau biyu, kuma kowa yana tambaya ina Ƙaguwa. Ya tambaye ni ko na gwada gaya wa Kaka. Na girgiza kai. Ya ce to, ya juya ya tafi. Da faɗa ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

Maƙwabta suka cika falo aka ɗaga murfi. Ƙamshin sabulun wankinki ne ya fara fitowa, sai da na juya baya na yi kamar ina neman wuƙa. Shinkafa, mai, gwangwanayen kifi da nama, man goge baki har shida, labulen Kaka, agogon Kawu. Takalmin ya zauna mini cif, zanen ƙafar ya yi aiki. Na ga yadda kika cusa safa a cikin kofuna don kada su fashe, kika naɗe kowace kwalba da tawul, na san bayan kin dawo aiki a gajiye kika yi, da wannan bayan naki. A can ƙasa kuma ga jar rigar sanyin nan mai kauri, da takalmin shiga ƙanƙara, da ambulan. Kaka ta sa na karanta a gaban kowa: takarduna na zuwa wajenki sun fito, a Janairu zan zo, za ki sayi tikiti bayan Kirsimeti. Ashe Kaka ta sani tuntuni. Aka yi ta tafi, Mis Coral ta zura mini rigar a cikin zafin nan, gumi yana zuba, ana cewa ga 'yar Amurka, ku ba ta hanya. Na yi kuka, kowa ya ce na murna ne. Rabinsa na murna ne, Mama, Allah ya sani. Shekara huɗu ban gan ki ba sai ta gilashin waya.

Washegari iskar Kirsimeti ta sauka, yau kwana goma sha ɗaya ke nan ba ta numfasa ba. Ta yaga ganyen ayaba, ta kwashe wa Kaka zanen gado daga kan igiyar shanya ta kai shi gidan maƙwabta. Kowa yana cewa sanyi ya zo, Kirsimeti ta kusa, an fara jiƙa zoɓo. Ni kuwa haushi nake ji, kuma ban san wa zan ji haushinsa ba. Ke ba ki yi laifi ba, abin da kika ji shi kika yi, har da ƙari. Kaka ba ta sani ba. Iska kuwa ba ta ma san da ni ba. Idan na bi abin baya sai in tarar ni ce a kowane wuri, a tsaye da baki a rufe. Asabar da ta wuce na sa Kawu ya fita da ni duk da iskar. Ruwan ba shi da kai ba shi da gindi, igiya tana zuwa ta nan ta can, gishiri yana shiga ido, mu biyu kaɗai ne a ciki. Da wata mummuna ta taso na tuƙa, na ce tawa ce, da ƙarfi, tunda ba mai ji. Ta jefar da ni kafin in gama miƙewa. Da na fito Kawu ya ce ya ji wani abu kamar kukan ɗan tunkiyar Kaka, ko ni ce? Na ce ni ce. Ya ce to a ƙara gishiri kaɗan, amma an fara.

Na tambaye shi ko akwai sauran dama. Ya ce daga yanzu zuwa Maris igiyar arewa za ta yi ta zuwa, mai kyau ma, amma iska ba za ta bari ba, sai dai a yi sa'a ta makara safiya ɗaya ko biyu. Wata shekarar sau uku, wata shekarar ko sau ɗaya babu, kuma ba a sanin ranar sai ana gobe. Ya ce a wajenku ma akwai masu hawa, da rigar roba har ka, a cikin ruwan da ke sa haƙora rawa. Amma ba dutsenmu ba ne, ba mutanenmu ba ne, kuma na san kaina, a wurin da ban san kowa ba sai in yi shekara ban buɗe baki ba. Abin da nake roƙo shi ne kada ki sayi tikitin tukuna. Ban san ko takardun suna da wa'adi ba. Mis Coral ta ce irinsu ba sa jira har abada, ni kuma ba na so in ɓata abin da kika sha wahala a kansa. Idan za su iya jira zuwa ƙarshen Maris, ki bar ni zuwa lokacin. Idan ba za su iya ba, ki faɗa mini gaskiya, zan zo ranar da kika sa. Ina so in zo, Mama. Ina dai so in zo bayan na ga cikinta sau ɗaya.

Ki gaishe mini da Anti Ermine da mijinta Kawu Osbert, ki ce mata na gode da ribon da ta sa mini a aljihun rigar. Ki gaishe da tsohuwarki idan tana gane mutane ranar. Kaka tana gaishe ki, ta ba Mis Coral kwalbar yajinta da busasshen zoɓo ta kawo miki, ta ce ki riƙa rufe wuyanki. Ita ta ɗauka takardar godiya nake rubutawa, har ta ce in yi rubutu mai kyau kada in ba ta kunya. Kawu Wendell ma yana gaisuwa, agogon ya yi masa yawa amma ya ƙi cirewa. Mista Grantley ya ce in tambaye ki ko har yanzu kina cewa ba su da aikin yi.

Sauran abu ɗaya, shi kuma na riga na yanke shi, ban gaya wa kowa ba sai ke. Daga yau har ranar da zan bar garin nan, duk safiyar da iska ta kwanta kuma Kawu ya ce ruwan daidai ni ne, zan shiga. Ko ranar makaranta ce, ko Lahadi ce, ko ranar da za a kai ni filin jirgi ce. Ba zan saci jiki ba, zan tsaya a gaban Kaka in faɗa mata da bakina inda za ni, sannan in tafi. Ba izini nake nema ba, Mama, kada ki ji haushi. Ina gaya miki ne don idan ta kira ki ta ce Jalisa ba ta hau bas ba, ki san inda nake.

Ubangiji ya tsare mini ke.

Taki har kullum,
Jalisa